Rijiyarki da Aka Cike

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ɗiya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce, Hafsi.

Inna, famfon nan da kika yi ta jin labarinsa ya iso garinmu bayan rasuwarki. Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba sai ga masu aiki daga Gusau, suka kafa tanki a hanyar Wanke, suka ja bututu har tsakar gidanki. Ran da ruwa ya zubo mun yi guɗa har muryoyinmu suka dishe. Na ce wayyo, ina ma Inna ta ga wannan!

Kin tuna duk bazara sai kin sa an yashe rijiyarki, ki dama wa mayasa fura? Kina cewa, "Ku kula da ita, ita ta raine ku." To Yaya Sani ya ce tunda ga famfo, rijiya ta zama tarkon yara da awaki. Maƙwabta ma sun cike nasu. Aka zuba mata duwatsu da ƙasa ina tsaye ina faɗa, ba wanda ya ko waiwaye ni.

Damina ɗaya muka mora. Injin da ke tura ruwa tanki ya mutu, aka ce za a kawo kayan gyara, har yau shiru kake ji. Muka koma tafkin da shanu ke sha.

Yanzu ɗiyata Ummi, takwararki, kurkunu ya fito mata a idon sawu, ta daina takawa. Kullum ina naɗe shi a ɗan kara kaɗan-kaɗan, don in ya yanke a ciki ƙafar na iya lalacewa. Tana kuka ina kuka. In ta nemi ruwa, na tafkin nan nake tacewa da ɗankwali in ba ta.

Na kira mai haƙar rijiya, ya ce bangon ya rufta, sai dai sabuwa. Mazan gida suka ce a jira gyara. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Ummi ba ta yarda a shimfiɗa mata tabarma ko'ina sai daidai bakin rijiyarki, wai nan ne da sanyi. In na ɗaga tabarmar sai in ga ƙasar da danshi. Ruwanki na nan ƙarƙashinta, Inna, na kasa ɗebo mata ko moɗa ɗaya.

Allah ya jiƙanki, ya shayar da ke ruwan Alkausara, ya tashi kafaɗar takwararki.

Ɗiyarki,
Hafsi