Kofin da Ba Mu Koya Mata Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Tagwaye da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Na ji an ce likita ya hana ki hawa bene, na ce a raina lallai bawan Allah nan bai san da wa yake magana ba. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan jiki dai lafiya lau. Maigida yana nan yana fama da gyaran firijin mutane, namu na gida kuwa yana ta zubar da ruwa ba mai kula shi. Ni ma ina gidan burodi kamar kullum, hannu cikin ƙulli tun da safe.

Yaya, na gode da kika kira ni kika ce 'yarki Rediyo ta sauka wurinki lafiya. Kin tambaye ni abin da ya koro yarinya daga gidan ubanta da jaka ɗaya, na yi ta kame-kame har kika gaji kika ajiye wayar. Kunya ce ta hana ni, shi ya sa na ɗauki biro. Laifina ne, kuma ina so ki ji shi yadda yake.

Kin riga ni fita daga Jama'a, ƙungiyar nan ta Jagora da muka tashi a cikinta, kin kuma yi nisa, wataƙila wasu abubuwan sun fara dusashe miki. Amma na san ba ki manta da ɗaurin baki ba. Wanda ya yi laifi, gida duka a daina yi masa magana, a ajiye masa abincinsa a bakin ƙofar ɗaki, a wuce shi kamar ba a gan shi ba. Ba a buɗe masa baki sai ya cika kofi da ruwa, ya durƙusa gaban babba, ya miƙa da hannu biyu. In an sha, shi ke nan, an yafe. Ni da ke mun durƙusa gaban Inna da kofin nan har gwiwoyinmu suka yi kanta. Ranar da muka fito ni da Maigida, ina goye da Rediyo, na rantse 'yata ba za ta taɓa sanin wannan abu ba. Na kuwa cika alkawari. Ba mu taɓa ba ta labarin Jama'a ba, abin da ta sani kawai shi ne tana da kaka a wata unguwa, kuma ba ma shiri.

To a watan jiya ta je karɓar ɗinkinta wurin Mai Ɗinki, wadda kika sani, wadda muka fito kusan lokaci ɗaya da ita. Kin san bakinta ba ya riƙe magana. Tana gwada mata riga ta ce wuyanta sak na Inna, daga nan har ta kwatanta mata layin gidan. Yarinyar nan ba ta gaya wa kowa ba, ta sayi sabulu da mayafi ta tafi ganin kakarta. Inna ce da kanta ta buɗe ƙofa. Rediyo ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi ko ita 'yar wace ce. Inna ta kalle ta, ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya fuskarta ga bango, wata mata ta zo ta rufe ƙofar. Rediyo ba ta san cewa a wurinsu 'ya'yan waɗanda suka fita ma bakinsu a ɗaure yake ba.

Ta same ni a kicin ina yanka albasa, da ledar sabulun a hannunta, tana kuka tana ba ni labari. Yaya, tsoro ne ya fara kama ni. Na ce shi ke nan sun ga fuskarta, za su fara aiko mata da masu daɗin baki kamar yadda suka yi wa ɗan Direba, abokin fitarmu, har suka janye shi. Daga tsoron sai fushi ya biyo baya. Na buɗe baki zan yi faɗa, bakin ya ƙi. Na gama girki, na zuba mata nata, ƙafafuna suka kai ni bakin ƙofar ɗakinta na ajiye kwanon a ƙasa. Wallahi ban yi shawara ba, ban ce yau zan ɗaure mata baki ba. Maigida ya dawo ya ga kwano a bakin ƙofa, ya kalle ni, shi ma ya yi gum. Ko kalma ɗaya ba mu yi a kai ba.

Kin san ba a banza muke ce mata Rediyo ba. Kwanakin farko ta yi ta yi mana magana. Ta yi zolaya, ta yi tambaya, ta ba ni labarin malamansu, ta ba ni haƙuri da bakinta ba sau ɗaya ba, har ta riƙe min gefen zane tana cewa in zage ta ma ta yarda. Amma ni hannunta nake kallo, hannun kuwa babu komai, sai kunnena ya ƙi jin haƙurin. Da abin ya yi tsawo, Maigida ya tausaya mata ya ɗauko kofi ya ajiye a tsakiyar tebur kusa da jug ɗin ruwa, inda dole ta gani. Ta gani kuwa. Ta ɗauka ta wanke shi tas ta mayar da shi cikin kwanuka. Washegari ya sake ajiyewa, ta sake wankewa, har tana cewa Baba ya fara mantuwa. Ni kuwa ina ciki ina tafasa, ina cewa yarinyar nan taurin kai gare ta, an sauƙaƙa mata har haka ta ƙi. Daga baya maganar tata ta riƙa raguwa har ta ɗauke. Ran nan na dawo daga aiki maƙwabciyarmu ta ce ta ga ta fita da jaka.

Har a lokacin ban gane ba, kin ji abin kunya. Mu da muka fito muna haɗuwa ƙarshen mako a bayan shagon Mai Ɗinki, mu sha shayi mu yi ta gardama. Direba yana nan da ra'ayinsa, wai duk inda mutum uku suka taru suka naɗa shugaba, to shi Direba ya kama gabansa, amma jar rigar da ya saya don ya nuna ya sami 'yanci daga dokar Jama'a ta hana sa ja har yau tana cikin leda, in ya sa sai ya ji kamar ana kallonsa. Mai Ɗinki kuwa ta ce a faɗi gaskiya tana kewar wurin, don da ta haihu a can ba ta taɓa ɗaga ko bokiti ba, nan kuwa in ka mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabta. Malama, wadda take koyarwa a firamare, kullum cewa take mu gaya wa yaranmu komai, Direba ya ce a binne abin kawai. A nan na kai ƙarar Rediyo, na ce an ajiye mata kofi har gabanta ta ƙi kawowa. Direba ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sai addu'a, Mai Ɗinki ma ta taya ni. Malama ce ta ajiye shayinta ta tambaye ni a hankali, wai wa ya koya wa yarinyar kawo kofin.

Yaya, na rasa inda zan sa kaina. 'Yata ta je ƙofar kakarta an juya mata baya, ta gudo wurin uwarta, uwar ma ta juya mata baya. Gara ma Inna, ita ta yarda da abin da take yi. Ni fa? Na kulle yarinya a ɗaki na kuma ɓoye mata cewa ɗakin yana da ƙofa. Da na gaya wa Maigida, zama ya yi a kan akwatin kayan aikinsa ya rufe fuska, ban taɓa ganinsa haka ba. Mu da muke taƙama mun fito, ashe kayanmu kawai muka fitar.

Ga abin da nake roƙonki. Ki zaunar da ita ki ba ta labarin duka, na Jagora da dokokinsa, na Inna, na ɗaurin baki har da kofin, don ta san ba ƙinta muka yi ba. Amma na san halinta, tana ji za ta ce bari ta dawo ta kawo min ruwan a wuce wurin. Don Allah ki hana ta. Ba ta yi laifin da za ta durƙusa ba, kuma in na sha ruwan nan daga hannunta, to na koya mata ke nan, wata rana ita ma za ta jira shi daga nata 'ya'yan. Zan riƙa kira kullum in na tashi daga aiki. In ta ƙi karɓa kada ki matsa mata, ki ajiye wayar kusa da ita kawai. In ta ce ba za ta dawo yanzu ba, ki riƙe min ita, ba ni da bakin cewa komai.

Ki gaishe min da Baban Tagwaye, ki ce na gode da ɗawainiya. Ki gaishe da Tagwaye, da Goggo in kin leƙa ta, da amaryar ɗanki da jaririnta. Maigida yana gaishe ku duka. Ita kuwa Rediyo kada ki gaishe min da ita. Wannan gaisuwar ni zan yi da bakina.

Taki har kullum,
Ƙanwarki