Sawu Biyu a Gaban Teburin Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke. Mu nan sai godiya. Mama tana nan, ƙafar ce dai take damunta in ta daɗe a tsaye. Matar ɗan'uwanmu Dogo ta sauka lafiya, an samu mace, kuma wallahi goshinki ta ɗauko sak, har Mama tana cewa Allah Ya sa kada ta haɗa da bakin. Na so a ce irin wannan labari zan yi ta ba ki har takardar ta cika, amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Sau uku kina tambayata jikin Baba a waya, sau uku ina ce miki tari ne kawai. Ƙarya na yi miki, Yaya, ki yafe mini. Bakina ne ya kasa furta abin, shi ya sa na rubuto.

Huhun Baba ya lalace. Likita ya ɗaga mini hoton ƙirjinsa a gaban fitila, na ga fari-fari ko'ina, ya ce garin dutse ne ya shiga ya zauna, kuma babu maganin da zai fito da shi. Da na matsa masa, ya ce watanni ne, ba kuma masu yawa ba. Yanzu Baba a zaune yake barci, an jera masa filo uku, ga tukunyar iska a gefen gado da roba a hancinsa. Mutumin da yake ɗaga farantin dutse shi kaɗai yana yi wa masu kama masa tsiya, yau daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya huta sau biyu. Abin da ya ba likitan mamaki shi ne saurin ciwon. Ya ce a ganinsa wannan ɓarna ba ta shekara talatin ba ce a hankali, ta 'yan shekarun nan ce, ya tambaye ni ko wani abu ya canja a wurin aikin. Ni kuwa na buɗe baki da gadara na ce ai akwai fanka mai zuƙe ƙura, ni na tsara ta da hannuna. Ya dube ni ya ce in je in sake duba ta.

Kin tuna shekara shida da suka wuce, lokacin da na gama karatu. A da, a fili Baba yake gurza dutse, ƙarƙashin rumfar kwano, iska tana kwashe garin ta kai shi duk inda ta ga dama. Ni ce na ce wannan aikin jahilci ne. Na sa aka kewaye masa ɗaki, na kafa babbar fanka a bangon da ke gabansa, na huda bangon bayansa na sa raga, don iska ta shigo ta bayan mai aiki, ta bi ta kan tebur, ta kwashe garin ta fice. Na ɗaure teburin da ƙasa da noti huɗu don kada wani ya gusar da shi. Sannan na ɗauko fenti rawaya na zana sawun ƙafa biyu a kan siminti, na ce nan za a riƙa tsayawa, ba gaba ba baya. Kin ga yadda Baba ya yi da ɗakin nan. Duk wanda ya zo sayen dutse sai an kai shi ya gani, ko yana so ko ba ya so. Tun ranar bai ƙara kirana Auta ba, sai Injiniya. Hotunan ɗakin nan na nuna aka ɗauke ni aikin da nake yi yanzu.

Akwai wani abu da ba ki sani ba. Kamar wata biyu da gama aikin, na leƙa wurin ba zato, na tarar da Baba ya naɗe hancinsa da tsumma yana gurza. Raina ya ɓaci, Yaya, na yi ta faɗa a gaban ma'aikata. Na ce wato yana nufin aikina bai yi ba, shekara biyar ɗin da na yi a makaranta wasa na je yi, in tsumma ya fi fankata ya faɗa mini in zo in cire kayata. Ya kwance tsumman ya sa a aljihu, ya yi dariya ya ce sabo ne kawai irin na tsofaffi. Ban ƙara ganinsa da shi ba, ni kuma na tafi ina jin na yi nasara.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi na ɗauko sandar hayaƙi daga ofis, irin wadda muke gwada tafiyar iska da ita, na tafi wurin. Na kunna fanka, na saki hayaƙi a kan tebur. Ya miƙe sambal kamar an ja zare, ya shige fanka. Na sauke ajiyar zuciya na ce alhamdu lillahi, ba daga nan ba ne. Dogo yana jingine a bakin ƙofa, sai ya ce, da bakin nan nasa da kika sani, ai ɗaki ba ya gurza dutse da kansa, in tsaya a wurin mana. Na taka sawun nan biyu, na sake sakin hayaƙin daidai inda hannun Baba yake riƙe inji. Yaya, hayaƙin bai tafi ba. Ya ɗan yi gaba, ya murɗe, ya juyo baya, ya hau cikina, ya bi ƙirjina yana birgima, ya lulluɓe mini fuska. Na yi ta tari har hawaye. Na sake, na sake, sau bakwai, duk haka. Na ƙure fankar, abin ya ƙara muni.

Kin san yadda ruwan kwata yake yi in ya ci karo da dutse: ya rabu biyu ya wuce, amma a bayan dutsen sai ya yi ta juyi a wuri ɗaya, duk wani datti a nan yake taruwa. Haka iska take. Tana tafiya a miƙe lafiya lau har ta bugi bayan mutum, sai ta hargitse, ta zagayo ta gefensa, ta yi ta dambarwa a gabansa, tana tsotso abin da ke kan tebur tana kai masa hanci. Kuma na san wannan, Yaya, shi ne abin da yake cin raina. A aji biyu aka koya mana, na ma ci jarabawarsa da maki mai kyau. Amma da na zo zana ɗakin Baba, na zana bango, na zana fanka, na zana tebur, na ja layukan iska masu kyau a miƙe, na manta ban sa mutum a ciki ba.

Ban biya ko'ina ba, kai tsaye ɗakin da Baba yake jinya na wuce. Na durƙusa a bakin gado na faɗa masa komai, ina jira ya tsine mini ko ya juya mini baya. Sai ya cire robar hancinsa ya ce ai ya sani. Ya ce tun makon farko ya gane, domin da a fili gashin kansa ne yake yin fari, amma a ɗakina gemunsa da gaban rigarsa ne, bayansa kuwa tas. Na tambaye shi don me bai faɗa ba. Yana magana yana hutawa, ya ce da farko ya ga ana shirin ɗaukata aiki da hotunan, bai so ya karya mini gwiwa ba. Daga baya kuma, ranar tsumma, ya ga idona, ya ce a ransa yarinyar nan in aka ce mata aikinta na farko bai yi ba, ba za ta ƙara yarda da hannunta ba. Ya zaci ƙirjinsa zai ɗauka, tunda ya ɗauki shekara talatin.

Kin tuna rigimarsa da Dogo? Shekara shida Dogo yana ƙorafi cewa Baba ya hana shi teburin gurza, ya mayar da shi mai awo da lodi kamar wani baƙo, ya raina masa hannu. Har ke kin kira Baba kin yi masa magana, ni ma na ce son girma ne irin na tsufa. To, ba raini ba ne. Baba ya ce tunda wurin yana ci, gara ya ci shi. Ya ce abin da yake damunsa yanzu ba numfashi ba ne, jin da ya yi cewa Dogo zai kama teburin ranar Litinin tunda aiki ya taru. Ya ce da ma yana neman yadda zai fara yi mini maganar, sai ga ni na zo da kaina. Dogo yana tsaye a bayana ashe, ya ji komai. Ban taɓa ganin ƙaton nan yana kuka ba sai ranar, ya fita tsakar gida ya kifa kansa a bango.

Washegari muka koma wurin aikin ni da Dogo da sufanar kwance noti. Muka kwance teburin muka juya shi, yadda mai aiki zai ba iska gefensa maimakon bayansa. Na tsaya na saki hayaƙi, ya wuce ta gabana salin-alin ya shige fanka. Noti huɗu, Yaya. Ko rabin awa ba mu yi ba. Na kuma sa an jawo ruwa kan injin, na kawo takunkumin hanci na gaske, na ce wa Dogo in na gan shi babu shi, ni da shi ne. Na so in kankare sawun nan, na durƙusa da wuƙar fenti, sai na ga fentin tsakiyarsu ya riga ya goge, takalmin Baba ya cinye shi daidai inda na ce ya tsaya, bai kauce ko taku ɗaya ba. Na kasa taɓawa. Da na koma na gaya wa Baba hayaƙi yana wucewa yanzu, ya lumshe ido ya ce ai ya san Injiniyarsa za ta gyara.

Ki zo, Yaya. Kada ki jira hutun yara, kada ki jira komai. Yana tambayarki kullum, yana cewa kada a tayar miki da hankali, ni kuwa na gama rufe bakina a kan abin da ya kamata a faɗa. Mama ba ta san maganar ɗakin ba tukuna. Baba ya ce kada a gaya mata, amma ni ba zan iya ci gaba da karɓar abinci daga hannunta a haka ba. Ina so kina zaune kusa da ni ranar da zan faɗa mata.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan 'yan biyu da Ƙaramin Baba. Mama tana gaishe ku, Dogo da mai jego suna gaishe ku, Gwaggo ma ta ce in saka sunanta. Ki sa Baba a addu'a, ni ma ki sa ni, don ban san da wane ido zan dube ki ba. In kin iso, don Allah kada ki kira ni da sunan nan da yake kirana. Shi kaɗai nake iya jurewa daga bakinsa.

Taki ƙanwa,
Auta