Uwar Farko Ta Zo da Tafinta

Ming Sophea, gwaggonmu mai amsa wasiƙun masu neman shawara, don girman iyayenki ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni amsa da wuri, domin kwana tara kacal suka rage mini. Ban iya tsara magana ba. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinka hannun riga a masana'anta, in na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Shekara uku da rabi da suka wuce, matar da ke sayar mana da shinkafa a bakin ƙofar masana'anta ta haɗa ni da wata dillaliya. Ta ce akwai mata da miji 'yan ƙasar Sin da haihuwa ta gagare su. Ƙwai na matar ne, iri na mijin ne, ni aron mahaifa kawai zan ba su na wata tara, a ba ni dala dubu goma. Wai kamar maƙwabciya ce ta ɗora tukunyarta a murhuna, in ta nuna ta zo ta sauke abinta. A lokacin gonar mahaifiyata tana hannun banki, saura ƙiris a karɓe ta. Mijina Vuthy ya yi kwana uku yana ƙin yarda, a rana ta huɗu shi da kansa ya kai ni tasha a kekensa mai ƙafa uku.

Sai da aka tsallaka da ni iyaka aka dasa mini ƙwan, sannan aka dawo da ni wani gida a Phnom Penh. Mu goma sha ɗaya ne a ciki, an karɓe wayoyinmu, kowa da lambarta. Ni ce lamba bakwai. Duk wata a ɗauki hoton cikina, ban da fuska, ina riƙe da takarda mai lambar. Da cikin ya kai wata bakwai sai bikin ciyar da magabata ya zo, kuma a shekarar mahaifina ya rasu. Ke ma kin sani, ba a barin sabon mamaci ya zaga haikali bai tarar da shinkafar 'ya'yansa ba. Na roƙa aka hana ni, ni kuwa na bi bayan mai kawo mana ganye na sulale. Ina ƙauye 'yan sanda suka dira a gidan nan suka kwashe kowa, domin doka ta hana aron mahaifa. Daga baya na ji an saki matan bisa sharaɗin kowace ta riƙe abin da ta haifa har ya girma, wadda ta miƙa wa wani kuma ta koma kurkuku a matsayin mai sayar da yaro. Wayar dillaliya ta mutu tun ranar. Dala dubu ɗaya da ɗari biyu ne kawai suka taɓa shiga hannuna.

Na haihu a asibitin ƙauye, mace. Muka ce ta Vuthy ce, muka sa ta a littafin iyali bayan 'ya'yanmu biyu. Masu tsegumi suka ce ta cika haske, muka ce ai kakan Vuthy yana da jinin Sin, wanda gaskiya ne ma. Sunanta Malis.

A rana ta uku mahaifiyata ta kira tsohuwar ungozoma aka yi abin da ake yi. Aka ɗora jaririyar a faifai, aka shafa mata baƙin tukunya a goshi, aka sa almakashi a ƙarƙashin matashinta, aka kori uwar farko, wato wadda ta haife ta a rayuwarta ta baya, aka ce ta koma inda ta fito, yarinya ta zama tamu. Ina kwance a gadon jego, garwashi a ƙarƙashina, na rasa dariya zan yi ko kuka, don ni na san uwar farkon nan tana da fasfo da lambar waya. Mahaifiyata ma ta sani sarai, ai gonarta ce silar komai. Ina jin shi ya sa ta fi kowa ɗaga murya ranar.

Na yi ƙoƙarin kada in so ta, Ming, na rantse na yi. Wata biyu ina ba ta nono ina kallon bango, ina jiran a zo a sauke tukunya. Ba wanda ya zo. Vuthy da ko ɗaukarta ba ya yi, yanzu ba ya fita aiki sai ya zaga da ita har bakin titi tana ƙirga masa shanu, ɗaya, biyu, biyar. Almakashin nan har yau yana ƙarƙashin matashinta.

Ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, wata farar mota ta tsaya a ƙofarmu. Mace siririya ta fito, da mijinta, da wani tafinta mai yawan murmushi. Matar ba ta kalli fuskata ba, hannuna ta kalla. Ina da tabo a babban yatsa inda allurar keken ɗinki ta taɓa huda ni, kuma yatsan ya fito a duk hotunan nan. Ta ciro su daga jaka, guda shida, duk sun yi laushi don yawan taɓawa. Ashe dillaliya ta gaya musu cikin ya mutu, har da takardar likita ta aika musu. Gidansu suka sayar suka biya, ƙwan nan shi ne na ƙarshe, kuma an riga an cire wa matar mahaifa. Daga baya suka fara zargin ƙarya aka yi musu, kuma lamba huɗu ce ta ba su labarina bayan sun yi shekara biyu suna bin sawun matan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in ce komai mahaifiyata ta fito da almakashi a hannu ɗaya, ɗanyar shinkafa da gishiri a ɗayan, ta shiga watsa wa matar kamar yadda ake korar fatalwa. Baiwar Allah ba ta gane ba. Ta ɗauka maraba ake yi mata, ta haɗa tafin hannu ta sunkuya tana godiya, shinkafa duk a gashinta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sai ga Malis ta fito da ledar rake. Kunnuwansu iri ɗaya ne, Ming, har lanƙwasar. Matar ta durƙusa a ƙasa ta kira wani suna da ban sani ba, yarinya kuwa ta ɓuya a bayan zanina. Abin da ta sa tafinta ya faɗa mini shi ne ya hana ni sukuni: “Shekara uku ina ƙona mata rigunan takarda don kada ta ji sanyi a lahira. Kowace shekara nakan ƙara girman rigar.”

Ga abin da suke so. Tafinta ya ce ya san wani da ya san hanya. In je ofishin gunduma in sa hannu cewa na taɓa kwana da mijin matar, Vuthy ba shi ne uba ba, gwajin jini zai tabbatar, shi kuwa mutumin ya fita da ita a matsayin 'yarsa. Za su cika mini kuɗina su ninka. In hakan ya yi mini nauyi, in ɗauko ta mu tsallaka iyaka kamar yawon kasuwa, in dawo ni kaɗai. Bizarsu za ta ƙare nan da kwana tara.

Vuthy ya ce a kira shi duk sunan da aka ga dama a kasuwa, bai damu ba, amma yarinyar da ke ce masa baba ba ƙunshin kaya ba ce da za a aika. Washegarin zuwansu Malis ta tashi da zazzaɓi, mahaifiyata ta ce kun gani ko, ta zo ɗaukarta. Yanzu tana shirin gudu da ita wurin ƙanwarta a Battambang. Dagaci kuma ya riga ya aiko yana tambayar su waye baƙin farar mota.

Ni ce na yi alkawari, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. In na ba da ita, ƙila kurkuku, kuma na rasa 'yata. In na riƙe ta, ina riƙe da 'yar mutane da na karɓi kuɗi a kanta. Ina tsoro, ina jin haushin kowa, kuma tausayin matar nan ya hana ni ƙin ta. Ni ɓarauniya ce? Me zan ce musu?

Lamba Bakwai, daga lardin Kampong Speu


'Yata,

Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba, don haka ki saurara da kyau. Kafin komai, ki kai Malis asibiti yau. Damina ce, sauro ya yi yawa, zazzaɓin yaro ba a jiransa.

Kada ki sa hannu a takardar nan. Ƙarya ce da sunanki a ƙasanta, kuma ranar da abin ya fashe, masu biza suna gidansu, tafinta ya canza waya, ke ce za a samu a Kampong Speu. Wannan wanda ya san hanya, tamkar dillaliyarki ce ta dawo da wata rigar. Kada ki tsallaka iyaka da yarinya. Kada ki karɓi ko riyel ɗaya daga hannunsu, ko da sunan kyauta ne ko kuɗin magani, domin kuɗi a hannunki da yarinya a hannunsu shi ne ainihin abin da aka ɗaure wasu a kansa. Mahaifiyarki kuma ta kwance kayanta. Gudu zuwa Battambang zai sa a ce kina da abin ɓoyewa fiye da wanda kike da shi.

Akwai ƙungiyoyi a Phnom Penh da ke ba mata lauya kyauta. Ku je ke da Vuthy a makon nan, ki faɗi komai tun daga mai shinkafa, har da kuɗin da kika karɓa. Lauya ce za ta gaya miki abin da za ki ce wa dagaci, da ko akwai hanyar da kotu ta yarda da ita. Ni ba lauya ba ce, kuma doka a nan wurin tana da ramuka da yawa, shi ya sa dillalai ke kiwo a cikinta. Su ma baƙin su nemi nasu lauyan da sabon tafinta. Kwana taran nan na bizarsu ne. Ana sabunta biza, kada ki bar ta ta yanke wa yarinya hukunci.

Kin tambaya ko ke ɓarauniya ce. A'a. An yasar da ke da ciki wata bakwai, kika haifa, kika shayar, kika raina. Alkawarin da kika yi, wadda ta tsaya a tsakani ce ta karya shi. Amma ita ma matar ba fatalwa ba ce. Ta yi kuskure da ta bi ta hannun 'yan kasuwar duhu, ke ma kin yi, kuma duk ku biyun larura ce ta kai ku. An sayar mata da bege, sannan aka sayar mata da makoki. Ba zan yi miki alkawarin yadda za a ƙare ba. Mai yiwuwa Malis ta girma a gidanku tana da wasu iyayen da ke zuwa ganinta, mai yiwuwa wata rana shari'a ko ita kanta ta zaɓi wani abu dabam. Abin da na tabbata shi ne yarinyar da ba ta cika shekara uku ba bai kamata ta farka a ƙasar da ba wanda ya san ƙirgan shanunta ba, kuma bai kamata ta kai shekara ashirin kafin ta ji gaskiya a bakin masu tsegumi ba.

Yanzu saƙona ga mahaifiyarki, ki karanta mata a hankali. Kakata ungozoma ce, na sha riƙe mata faifai. Ban taɓa ganin ta fara da almakashi ba. Sai ta zuba wa uwar farko shinkafa da ayaba a ganye, ta yi mata godiya, ta ce ta san rabuwa da ɗa akwai ciwo, sannan ta roƙe ta ta bar mana. Mahaifiyarki ta riƙe almakashi ta manta da ganyen abincin. Na san abin da ke cin ta, gonar ce, kuma watsa gishiri ba zai sauke mata shi ba.

Bayan kin ga lauya, ku gayyaci matar nan da mijinta da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Ku dafa musu miyar kifi. Ki nuna mata haƙorin da ya fara fitowa, ki gaya mata abin da yarinyar ke tsoro da abin da ke sa ta dariya, ki tambaye ta ma'anar sunan nan da ta kira. In Malis ta yarda ta matso, ki ba matar jan zare ta ɗaura mata a wuyan hannu ta sa mata albarka, kamar yadda kowace uwa take yi. Zaren zai yi saura. Mahaifiyarki ta ɗauko almakashin daga ƙarƙashin matashi ta yanke shi da hannunta.

Ina yi wa Malis fatan sauƙi, ke da Vuthy kuma ƙarfin zuciya. In kin sake rubuto mini, ki sa sunanki. Lamba bakwai ta tafi tare da gidan nan.

Ming Sophea