Rasuwar Mai Bishara Malam Ɗantala Daso, Malamin Masu Cirar Taba

Cikin alhini da rashin sukunin zuciya, Ƙungiyar 'Yan Arewacin Najeriya Mazauna Greensboro ta karɓi labarin rasuwar dattijonmu, Mai Bishara Malam Ɗantala Daso, ɗan asalin Wusasa, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke Glenwood bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya zo Amurka karatun digiri ne a 1978, amma sai hankalinsa ya koma kan 'yan ci-ranin Meziko masu cirar ganyen taba a gonakin Summerfield. Da girmansa ya koyi Sifaniyanci, harshe na karyewa, ma'aikatan na dariya, shi ko a jikinsa. Duk Lahadi yakan zaunar da su a rumfar shanya taba, yana koya musu ginshiƙan addinin Kirista, domin su zama masu jagorantar ibada a cikin 'yan'uwansu.

Yawancinmu a ƙungiyar nan Musulmi ne, kuma mun sha tsokanarsa cewa makarantar allo ya buɗe a Amurka. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni yake biya musu layi-layi. Ba ya ƙara wa ɗalibi sai ya haddace, ya fassara, ya kuma koya wa na kusa da shi. Yakan ce sauri ya haifi nawa.

Abin da ya hana mu zama wuri ɗaya shi ne, kakar taba ta zo ƙarshe, motocin da za su kwashe ma'aikatan zuwa tsinkar lemo a Florida sun fara haramar tafiya, karatu kuwa ya tsaya a kan gafarar zunubai. Saura layin tashin matattu da rai na har abada. Babban ɗalibinsa, Malam Evaristo, wanda ake sa ran zai riƙe ikkilisiyarsu a can, ya ce ba zai tsaya gaban jama'a da karatun da ba a sauke masa ba. Mun zaga coci-coci, ba mu sami mai Sifaniyancin da zai zauna da su ba tukuna. Mu ba fanninmu ba ne, amma amanar ɗan'uwanmu ce. Duk wanda zai iya, don Allah ya neme mu kafin motocin su tashi.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Malama Zinariya, da 'ya'yansa, da dangi na Wusasa. Allah ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Malama Zinariya ta nemi ɗaliban su karanta Shaidar a bakin kabari. Sun amsa, amma sun ce za su tsaya daidai inda marigayin ya tsaya da su, sai dai jama'a su ƙarasa musu.

Sa hannu:
Lauwali Husaini
Sakataren Yaɗa Labarai
Oktoba, 1986