Muryar Baba da Ka Kai Gyara

Madinat Nasr,
Alƙahira.

Zuwa ga Yayana Tarig,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka koma Jidda lafiya, ka tarar da iyali cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ƙafar ta yi sauƙi, sai dai mantuwar nan tata da ka gani tana ƙaruwa. Jiya ma ta kira matata Duaa da sunan ƙanwarmu Samah. Allah ya ba ta lafiya.

Bayan haka, Yaya, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wa ya aike ka ka ɗauki amfilifayar marigayi Baba, akwatin nan mai ƙara sautin jitarsa, ka kai gyara? Sai da ka tafi Duaa ta faɗa mini wai ka ce tana dishi-dishi kamar mai mura, za ka ba ni mamaki. To, wallahi ka ba ni! Ka rasa inda za ka kai ta sai wurin mai gyaran lasifikar masallaci a unguwar Darrasa, wanda aikinsa ke nan ya sa murya ta fita tas. Ya zare bawul-bawul ɗin nan na gilashi masu ɗaukar zafi, ya cusa mata kayan zamani, ya sauya tsohuwar sifikar. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan dishin da ka kira ciwo, shi ne kiɗan. Da ka tambaye ni da na gaya maka. Jita da feda da amfilifaya abokan tafiya ne. Jitar Baba muryarta siririya ce, mai kaifi. In na taka koren fedan nan da ke haɗe tsakanin jita da amfilifaya sai ya tura sautin da ƙarfi, bawul ɗin su yi zafi su ƙoshi, amon ya yi kauri ya fara gurnani. In na shafi tsirkiya a hankali ta yi kuka mai taushi, in na doke ta ta yi ruri. Kiɗan bulus ke nan, wanda Turawa ke cewa blues, Yaya, shi Baba ya yi ta yi a gidajen biki na Omdurman, shi ya ciyar da mu. Yanzu fa? Na taka feda sai wani zizar sauro ke fitowa. Ranar Alhamis a inda muke wasa a Zamalek, Isam mai ganga ya dube ni ya ce ko rediyo na kunna.

Na Isam mai sauƙi ne, ma'alish, ba komai. Kai ba ka nan ranar da muka gudo daga yaƙin Sudan. Inna ta bar gadonta da tukwanenta, amma ta ce ba za ta shiga mota ba sai da akwatin nan. A cinyata ya zauna har muka tsallaka iyaka. Tun da mantuwa ta kama ta, in na jona jita bayan la'asar sai ta fito falo ta zauna, ta ce Malam ya dawo, wato Baba, a ɗora shayi. Lokacin kaɗai take cin abinci ba a roƙe ta ba.

Na je Darrasa. Mutumin ya rantse ya zuba maka tsofaffin kayan a leda ya miƙa maka. Don girman Allah ka duba jakarka, ka tambayi matarka. In suna nan, ka naɗe kowane bawul a tsumma ka ba mai zuwa, kada ka aiko mini da sabuwar amfilifaya, ba na so. In kuma ka zubar ne, ka faɗa mini gaskiya, khalas, shi ke nan, in san abin da nake ciki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na zauna na rubuto maka da kaina.

Shekaranjiya na jona na buga mata waƙar da ta fi so. Ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ta ja mayafinta ta rufe kai, ta tambayi Duaa wane baƙo ne ke kiɗa a gidan mutane. Ta koma ciki. Ba ta ce a ɗora shayi ba.

Ka gaishe da Anti Eman, da Alaa da Safa, da Kawu Abakar in kun haɗu. Duaa na gaishe ka.

Ƙaninka mai jiran amsa,
Mu'tasim