Ranar da Na Cire Takunkumi a Ɗakin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ka a wurin aikinka, tun da na san a tsakiyar masu wannan ciwo kake wuni. Mu nan da sauƙi. Yara lafiyarsu ƙalau, suna wajen kakarsu ta wajen uba, babansu yana kai da kawo tsakaninmu. Ni kuwa yau kwanana goma a killace a ɗakin baya. Zazzaɓin ya sauka, jin ƙamshi ne dai bai dawo ba, duk abin da na sa a baki ɗanɗanonsa ɗaya. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, don na san halina. In na ji muryarka, a tambayar lafiyar yara zan tsaya, in kashe waya ban faɗi abin da ke cina ba.

Ka riga ka ji cewa jiya da safe an kwantar da Baba a asibiti. Abin da ba ka ji ba shi ne, ko me aka gaya maka game da yadda ya kamu, ni ce na kai masa ciwon. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, domin akwai abin da ya faru a gidanmu kana ɗan shekara uku, wanda ba a taɓa zama an ba ka labarinsa ba.

Tun da annobar nan ta shigo kake aiko mana da kwalin takunkumi, kowane kwali da takardar dokoki a samansa, da rubutun nan naka na likitoci da sai an yi taron dangi kafin a karanta. Kana ganin in dai kayan sun iso, magana ta ƙare. Da ka zauna wuni ɗaya a bayan kanta a kantin maganin da nake aiki, da ka sha kallo. Wani ya rataye nasa a haɓa, wani ya saƙale a kunne ɗaya, wani kuma sai zai yi tari yake janye shi don kada ya ɓata. Akwai masu cewa ciwon masu hawa jirgin sama ne, bai san hanyar gidan talaka ba. Wani dattijo ya ce ba zai sayi magani a hannun wadda ba ya ganin fuskarta ba, wata tsohuwa kuma ta tambaye ni cikin tausayi ko haƙorana ne suka zube. A ƙofar wani ofis kusa da mu, inda mai gadi ba ya barin kowa ya wuce sai da shi, na ga takunkumi ɗaya ya shigar da mutum biyar. Wanda ya fito sai ya cire ya miƙa wa na bayansa, har da godiya. Duk waɗannan na yi ta fama da su, ina wa'azin rigakafi ya fi magani har muryata ta dushe, kuma ko sau ɗaya ban sauke nawa a gabansu ba.

Ƙin da Baba ya yi ba irin nasu ba ne. Shi bai taɓa musun akwai ciwon ba, rediyonsa ma ba ya mutuwa. Ka san ya taɓa yin tarin fuka, amma abin da ka sani bai wuce sunan ba. Ni ina da shekara goma sha ɗaya, ina tune da komai. Shagonsa na gyaran agogo a lokacin ba ya rabuwa da mutane, bencin nan na bakin ƙofa sai an yi matsi ake samun wurin zama. Da labarin ciwonsa ya bazu, sai bencin ya zama na kaji. Mai kawo gyara yakan ajiye agogo a can ƙarshen benci, ya ja da baya da hankici a hanci, ya yi bayani daga nesa. In ya dawo karɓa, a gaban idon Baba zai goge agogon kafin ya ɗaura. Abokan da suka yi shekaru suna shan hira da shi suka koma ɗaga masa hannu daga tsallaken titi. Baffa, ɗan'uwansa ciki ɗaya, sau ɗaya ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa da hannun riga a kan hanci. Shi ya sa har Baffa ya koma ga Allah ba ka taɓa ganin sun yi doguwar hira ba. Likita ya sallami Baba ya ce ya warke, amma mutane ba su sallame shi ba sai bayan wajen shekara biyu.

Inna ce kaɗai, Allah ya jiƙanta, take shiga ta zauna kusa da shi kamar babu abin da ya faru. Ni ma ina da nawa laifin. Wata rana ta ba ni abincinsa in kai, na riƙe numfashina tun daga bakin ƙofa, na dire kwanon na fito da gudu. Ya gani. Kallon da ya yi mini a ranar ya fi shekara talatin yana bina.

To ka ga mutumin da na shigar wa ɗaki da rabin fuska a rufe a makon farko na annoba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya dube ni ya dubi abin da ke fuskata, ya ce in dai warinsa nake ji ba sai na wahalar da kaina da zuwa ba. Na yi masa bayani cewa shi nake karewa, ni ce mai cuɗanya da jama'a, shi kuma huhunsa ɗaya tabo ne. Ya ce haka kowa yake cewa. Daga nan ya kafa doka, duk mai son shiga ɗakinsa ya shigo da fuskar da Allah ya ba shi. Ƙanwarsa Goggo, da yake tare suke zaune kuma ba ta fita ko'ina, ba ta da matsala. Ni ce na shiga uku. Mako bakwai ina zuwa in tsaya a bakin ƙofa, in gaishe shi, ya amsa a taƙaice idonsa na kan teburin aiki, in miƙa wa Goggo maganinsa na hawan jini in juya. Kai kuma kana waya kana yaba mini, kana cewa in daure, kada in sassauta. Na daure, Auta. Allah ya sani na daure.

Ranar Alhamis ta makon shekaranjiya, bayan la'asar, na taso daga aiki na biya da maganinsa. Goggo tana wanka, ƙofarsa a buɗe. Na hango shi durƙushe a ƙasa yana laluben siminti da tafin hannu, gilashin nan nasa maƙale a ido. Tun da na rufe masa ƙofar shago ta waje ba ya karɓar aiki, sai ya koma kwance nasa agogon hannu yana mayarwa don kada hannu ya manta. Wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne ya faɗi, idonsa kuma ya daina ganin irin waɗannan. Na shiga da takunkumina, na duƙa, na tsinto masa a gindin kujera. Da na miƙa masa bai karɓa ba. Cikin sanyin murya, babu faɗa ko kaɗan, ya ce in ajiye a ƙarshen benci in ja da baya, ya san yadda ake yi.

Da faɗa ya yi mini da na jure. Wannan maganar ce ta karya ni. Na sa hannu na cire takunkumin, na zauna a gefensa har kafaɗarmu tana gogar juna, na riƙe masa tocila. Kuma ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa: tun safiyar ranar ina jin ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro, na ce wa kaina ƙurar kwalaye ce. Ni da nake gaya wa mutane kullum kada su raina irin wannan alama.

Mun fi rabin sa'a a zaune. Ya mayar da ƙarfen da hantsaki, bai kuskure ba, ya kara agogon a kunnena don in ji ya tashi. Ya tsokane ni cewa ashe wushiryar Inna tana nan, ya ɗauka na sayar. Ya ba ni labarin ranar da ka haɗiye batirin agogo aka kwana biyu ana gadin fo ɗinka, ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun Inna tana da rai. Na fito daga gidan zuciyata wasai, ina ganin na biya wani abu da ya daɗe a wuyana.

Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe ni. Da sakamakon gwaji ya fito, shi na fara kira, ina kuka har ba a gane abin da nake faɗa. Sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Goggo ta ce yana ajiye waya ya sa ta ɗauko kwalinka daga saman kwaba, inda ya sa aka jefa shi. Da hannunsa ya ɗaura takunkumin, a juye ma, ƙarfen hancin yana haɓa. Ya hana ta ƙetare bakin ƙofarsa sai da nata, ya ce ita ma ba yarinya ba ce. Abin da na yi mako bakwai ina roƙo, ya yi shi cikin minti ɗaya, bayan aikin gama ya gama.

Kwana uku bayan nan ya fara tari. A nan ne ya ƙirƙiro mutumin nan da ya gaya maka, dogo, mai agogon azurfa, wanda wai ya buga ƙofa ya nace sai an duba masa, ya zauna yana ta tari. Haka ya gaya wa likita, haka ya gaya wa maƙwabta. Ya yi ta maimaitawa har Goggo ta fara cewa kamar ita ma ta ji tarin mutumin daga banɗaki. Babu wani mutum, Auta. Makullin shagon yana cikin jakata. Da na kira shi na ce ba zan iya barin wannan magana haka ba, sai ya ce shi dai abin da ya sani ke nan, kuma bai haifi 'yar da za ta ƙaryata shi a gaban ƙaninta ba. Yana maganar yana tsayawa neman numfashi.

Jiya da safe numfashin ya gagara, babansu yara ya kai shi. An sa masa iska. Likita ya ce kwana ukun nan masu zuwa su ne abin dubawa, saboda tsohon tabon, kai ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Ba a barin kowa ya shiga, ni kuwa ko ƙofar gida ban isa in fita ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta taimaka ta riƙa ɗaukar wayata. Na tambaye ta yadda yake yi da su, tun da duk wanda ke kansa a rufe yake ruf. Ta ce ai tsohon nan ba shi da rigima, duk wanda ya matso sai ya yi masa sannu da aiki.

Masu kira suna ta ba ni haƙuri cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya cire takunkumin. Ina jin tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Wani lokaci in ce da na sani da na ajiye ƙarfen a ƙarshen benci na fita, ya ci gaba da fushi da ni yana numfashi. Wani lokaci kuma in tuna dariyar, in rasa yadda zan yi in yi nadamarta. Ban san wanne Allah zai kama ni da shi ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce na gode da addu'o'in da take turowa. Ka shafa mini kan Dogo da 'Yar Baba, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Goggo tana gaishe ku, an gwada ta ba ta da komai. Babansu yara ma yana miƙa gaisuwa.

Roƙona ɗaya ne. In fushi za ka yi, ni ce a gabanka, ka kira ka faɗa mini duk abin da ke ranka, ba zan kare kaina ba. Amma sun ce gobe da hantsi za su kara masa waya a kunne ku gaisa. Kada ka bari ya gane na gaya maka. A kwance yake, ba ya iya ko juyawa sai an juya shi, kuma wannan ƙaryar ce kaɗai abin da ya rage yake iya yi wa 'yarsa. In ya ɗauko zancen dogon mutumin, ka taya shi jin haushinsa.

Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa mu sake zama ɗaki ɗaya mu uku.

Wassalam,
Yayarka.