Wasiƙar Sanusi Tana Ƙasan Akwati

Malama Habsatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin mako biyu su cika. Da alƙalamin bik na rubuto, da hannuna, ban ba jikata ta buga a salula ba, za ki gane dalili a gaba. Ki yi haƙuri da rubutun tsoho.

Farin ciki ne ya jawo mini wannan damuwa. Matata Tani, mai shekara sittin da shida, ta koyi karatu. Ɗanmu Abdulhakim da ke kasuwanci a Yamai ya aiko mata da salula mai shafawa don ta riƙa ganin jikoki. Sai jikarmu Rahina, ƴar lise, wato sakandare, a nan Gaya, ta saka mata wani darasi a ciki, ka taɓa harafi murya ta faɗa maka sunansa. Daga baya ta shigar da ita rukunin mata a wasap. Wata malama tana aiko musu darasi da murya kowace safiya, su rubuta a kaye, wato littafin rubutu, su ɗauki hoto su tura, ta gyara. Da fari dariya na yi mata. Wata biyu da suka wuce ina gonar shinkafa saƙo ya shigo ƴar wayata. Tani ce ta rubuto in taho da kifi daga bakin kogi, ta sa sunanta a ƙasa. Kalma uku ta yi kuskure. Na zauna na karanta ya fi sau goma, na nuna wa duk wanda ya gifta. Kifin kuwa na manta da shi.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ina da shekara talatin da tara na fara karatun yamma na yaƙi da jahilci a ƙauyenmu Tunuga, cikin rumfar zana bayan masallaci. Malaminmu, wanda muke kira Mushe Yusha'u, Allah ya jiƙansa, yakan zo a keke bayan la'asar da alli cike da aljihu. Mu goma sha bakwai ne, manoma da masunta, hannuwanmu sun saba da hauya da taru, alli sai karyewa yake a yatsunmu. Yau mu uku muka rage. Ranar da na fara karanta allon da ke bakin gadar Malanbil da kaina, na daɗe tsaye a tsakar hanya har wani mai amalanke ya daka mini tsawa. A shekarar aka buɗe ajin mata. Tani ta roƙe ni in bar ta ta shiga, na ce wa zai kai abinci gona, na ce idona ya ishe mu mu biyu.

Haka na zama mai karanta wa unguwa wasiƙa. Aikin yana da ƙa'idarsa, yaran yanzu ba su san ta ba. Mai karatu yakan fara dubawa a zuci. In labarin mai nauyi ne ba ya zuba shi ɗanye. Rasuwa sai a ce jiki ya tsananta, har a tara manya. Zagi kuwa a rage masa zafi.

Yayan Tani, Sanusi, yana can garin Paraku a lokacin, sun saɓa a kan fadamar da mahaifinsu ya bari. Wata rana wasiƙarsa ta iso. Ya ce ta ci amanarsa, kada ta ƙara kiransa ɗan'uwa, ko mutuwa ya yi kada ta zo. Tani tana zaune gabana da cikin wata takwas, tana kallon bakina. Sai na karanta mata cewa yana gaishe ta, zuciya ce ta ɗebe shi, ta yafe masa. Ba ragewa na yi ba, Malama, sabuwar wasiƙa na ƙirƙira. Ta yi kuka, ta sa na rubuta masa amsa mai daɗi, ta haɗa shinkafa da busasshen kifi muka ba wani direba. Da babbar salla Sanusi ya zo gida. Bai taɓa ta da zancen ba, sau ɗaya kawai ya tsaya a bakin zaure ya dube ni ya daɗe. Shekara goma sha ɗaya suka yi cikin zumunci har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu Tani ta fito da tsofaffin wasiƙu daga akwatin ƙarfe. Idonta ya yi rauni, sai ta ɗauki hoton takarda ta buɗa shi da yatsa biyu har haruffa su yi manya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda rubutun ya cukurkuɗe Rahina ta taya ta. Ta ajiye ta Sanusi a can ƙasa, wai ita ce mafi daɗi, tana so ta ga da idonta wurin da ya nemi gafararta. Bakwai suka rage kafin ta, kwana biyu take yi a kan kowace.

Na yi tunanin in ƙone wasiƙar in ce gara ta ci. Na yi tunanin in ce wa Abdulhakim wayar tana lalata mata ido. Amma in na ga tana motsa leɓe a kan haruffa, kaina nake gani a rumfar Mushe Yusha'u, sai in kasa. Ina zan sa kaina?

Tsohon ɗalibin rumfar zana, Gaya

*

Baba, na fara da taya ka murna, kuma ka gaishe mini da Inna Tani. Mace mai shekara sittin da shida da ta zauna ta koyi haruffa ba mai raunin zuciya ba ce. Ka riƙe wannan, za ka buƙace shi.

Ban ɗauke ka mugu ba. Ka tausaya wa mai ciki, kuma abin da ka yi ya dawo wa ƴan'uwa biyu da shekara goma sha ɗaya na zumunci. Sai dai wasiƙar tata ce, yayan ma nata ne. Ka yanke mata hukunci ba da saninta ba, kamar yadda ka yanke ranar da ka hana ta ajin mata. Ƙona takardar ko raba ta da salula zai zama karo na uku, kuma a wannan karon kanka za ka kare, ba ita ba. Kada ka yi ko ɗaya.

Ka faɗa mata da bakinka cikin kwanakin nan, kada ka jira ta kai ƙasan akwati. Ka zaɓi lokacin da Rahina take lakwal, bai kamata yarinya ta tsinci kanta tana haɗa wa kakarta waɗannan kalmomi ba. Ka faɗi abin da aka rubuta, da abin da ka karanta, da dalilinka, a taƙaice. Ka nemi gafararta a kan wasiƙar da kuma ajin mata, sa'annan ka yi shiru. In ta yi fushi, haƙƙinta ne, ka ba ta kwanaki.

In ta huce, ka tuna mata abu biyu na gaskiya. Ba ka ce Sanusi ya iya rubutu ba. In wani ya ba ya rubuta masa a rana ta fushi, ba mu san ko kowace kalma tasa ba ce. Na biyu, ya karɓi amsarta ya san ba ta dace da abin da ya aika ba, amma ya hau mota ya zo, bai kuma sake maimaita maganar ba har ya koma ga Allah. Gafarar da bai nema a takarda ba, da ƙafarsa ya zo ya nema.

Karatu kuwa kada ya tsaya. Ta ci gaba da rukuninsu, ta ci gaba da rubutu a kaye, don yatsa a kan gilashi kaɗai ba ya zaunar da harafi. Ku ɗauki hoton sauran wasiƙun duka kafin garar gaske ta riga ku. Kai ma ka bari ta koya maka buɗa hoto da yatsa biyu.

Ta Sanusi kuwa ka miƙa mata a hannu. Ko ta karanta ko ta mayar akwati, zaɓinta ne. In ta ce za ta karanta, ka zauna gabanta yadda ta zauna gabanka a wancan lokaci, ka bar ta ta kai ƙarshe ba tare da ka gyara mata ko harafi ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Sanusi da Mushe Yusha'u, ya sanyaya zuciyar Inna Tani, ya ƙara muku zaman lafiya. Kuma ka kai mata kifinta.

Malama Habsatu